Rumfar gado a bakin iyaka: fata da tufa a kasuwar Illela

Duk wanda ya ambaci kasuwar Illela, abin da ke fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne kara: shanu, raƙuma, tumaki, da manyan motocin da ke ɗibarsu zuwa Kudu. Haka ne kuwa, ranar Lahadi idan kasuwa ta cika ta batse, ƙurar kara ce ke rufe gari. Amma wanda ya kutsa ciki, ya wuce 'yan hatsi da 'yan albasa, zai iske wasu layuka da hayaniyarsu ba ta kai ta sauran ba. Nan ake baje jar fata da takalman dukawa, gafaka da zabira, kube da linzami, malafa, gwado, rawani, da rigunan da aka yi wa aiki da allura. Irin waɗannan rumfuna ba kasafai ake kafa musu allon suna ba, balle a rubuta shekarar da aka fara. Idan ka tambayi mai rumfa, amsarsa ba ta wuce cewa nan ya tashi ya iske mahaifinsa, shi ma a sana'ar ya iske nasa.

Ginin rumfar ba wani abu ba ne, 'yan itatuwa ne da kwano, gobara ko gyaran kasuwa na iya share shi cikin yini guda. Abin da ɗa ke gada wurin uba ya fi haka nauyi. Yana gadon baƙin da ke sauka gidansu daga Tawa da Madawa da Abalak, waɗanda iyayensu ma nan suke sauka. Yana gadon bashi, wanda ake bin gidan da wanda gidan ke bi. Yana kuma gadon ido, wato ya ɗaga fata ya san ta akuya ce ko ta tunkiya, ya shafa tufa ya san inda aka saƙa ta. Da wannan jari gidajen ciniki suka ratsa zamanin Turawa, fari, canjin kuɗi da rufe iyaka, domin duk lokacin da zamani ya juya sukan canza kayan da ke kan tabarma. Masu yin kayan da hannunsu ba su da wannan mafita. Majemi ba ya wayar gari ya koma jeme roba. Tarihin waɗannan layuka na kasuwar Illela tarihin mutum biyu ne da suka taso tare, mai sayarwa da mai yi, sannan hanya ta yi ta raba su.

Kafin a ja layin iyaka, ƙasar da Illela take a yau mashiga ce tsakanin Sakkwato da Adar da Azbin. Buzayen Kel Geres, waɗanda suka zauna a yankin Adar da Gobir Tudu, suna gangarowa da rani ɗauke da gishiri da dabino, suna koro dabbobi, su koma da gero da tufa da kayan fata. Abin da ya ɗaukaka sunan wannan yanki a duniya kuwa wata 'yar dabba ce da ke yawo a kowane lungu, jar akuya, wadda a Najeriya ake jingina ta ga Sakkwato, a Nijar kuma ga Maraɗi. Fatarta na da ƙarfi da laushi, idonta ƙanana ne a jere, kuma tana karɓar rini.

Jima aiki ne na haƙuri da toshe hanci. Majemi zai jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya shimfiɗa ta a kan gungume ya kankare. Daga nan a sa ta cikin ruwan fataka don ta yi laushi, a wanke, sannan a tsoma ta cikin kwatarniyar bagaruwa, wadda aka daka 'ya'yanta aka jiƙa. Bagaruwa ce ke mayar da ɗanyar fata abin da ba ya ruɓa. Bayan ta sha, a shanya a inuwa, a shafa mata mai, a yi ta ja ana murzawa har ta yi lagwada. Launi kuwa kowanne da inda ake samo shi. Ja daga karan dafi, wata irin dawa da ake shukawa ba don ci ba sai don jan ɓawon da ke jikin karanta. Rawaya daga gangamau. Baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Kore kuma, wato korino, da garin tagulla ake yin sa, shi ya sa ya fi sauran tsada, ake yanka shi siri-siri don ado kawai. Ka lura, manomi da maƙeri da mahauci duk suna da hannu a cikin takalmi guda kafin ya kai ga baduku.

Wannan jar fata ce ayari ke ɗauka ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus da sauran biranen gaɓar teku. Daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai suka daɗe suna kiranta fatar Maroko, alhali akuyar a ƙasar Hausa aka yanka ta. Tun a wancan zamani ke nan, sunan ya tafi ga wanda ya sayar, ba ga wanda ya jeme ba.

Tufa ita ma da hanyarta. Sakkwato na da masaƙa da marina nata, amma abin da Buzu ke nema ido rufe daga ƙasar Kano yake zuwa: turkuɗi da rawani ɗan Kura. Ana saƙa shi siri-siri, faɗin kowane layi bai wuce yatsa ba, a ɗinke layukan, a rina a karofi, sannan mabuga su zuba masa garin shuni su yi ta bugu a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna Kano a 1851, ya kuma biyo ta Wurno da Sakkwato a 1853. A ƙiyasinsa, tufar Kano da ke zuwa Tumbutu kaɗai ba ta gaza kayan raƙumi 300 a shekara ba. Wannan ba ƙaramar masana'anta ba ce, sai dai ba a ƙarƙashin rufi ɗaya take ba, a warwatse take cikin dubban gidaje.

A cikin gidajen nan akwai waɗanda ba a cika ambata ba idan ana wannan labari, kuma ina ganin rashin adalci ne. Kowane zare da masaƙi ya ɗora a kan masaƙa, mace ce ta gurje audugarsa, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari. Tsofaffi da matan kulle da wannan kaɗi suke sayen goro da sabulu, da shi suke tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Su ne kuma ke saƙa gwado, su ɗinka faifai, su kitsa tabarmar kaba. Mace ba ta zuwa kasuwa, yarinya ko dillaliya ke kai mata, don haka mai rumfa ya san aikin hannunta sarai ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Lokacin da zaren kanti ya shigo, su ne farkon waɗanda abincinsu ya yanke, kuma ba wanda ya ji kukansu domin ba su da sarkin sana'a kamar yadda dukawa da marina suke da shi.

Sai maganar iyaka. Wajen ƙarshen ƙarni na 19, Marafa Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya kafa Gwadabawa, ya yi ta jawo Adarawa da Gobirawa da Buzaye suna sare daji suna kafa garuruwa a arewacin Sakkwato. Ana cikin haka Turawa suka iso ta fuska biyu. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. A watan Maris na 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Tun a 1898 ƙasashen biyu sun zauna a Turai sun zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Faransawa suka ga an bar su da hanyar da babu rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka nemi gyara. Aka gyara a 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi. Ƙonni ta faɗa hannun Faransa. Ƙauyukan da ke kudu da ita da 'yar tafiya kaɗan suka zama na Ingila.

Wannan layi ne ya yi Illela. Mutanen da suka gaji da harajin Faransa da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, sun yi ta tsallakowa da iyalansu da sana'o'insu. Kuɗi ya zama iri biyu, haraji iri biyu, farashin abu guda iri biyu. Iyaka kamar madatsar ruwa take, inda aka tare ruwa nan kifi ke taruwa. Mai gidan da ke da zaure babba da ɗan'uwa a Ƙonni sai ya zama fatoma: baƙo ya sauka wurinsa, ya ajiye kaya, ya ci abinci, mai gida ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta tashi, ya karɓi la'adarsa. Kasuwar Ƙonni na ci ranar Laraba, ta Illela ranar Lahadi, kaya da mutane na kai da kawo tsakaninsu. Da yawa daga rumfunan gado na yau daga irin wannan zaure suka samo tushe.

Zamanin Turawa ya juya akalar fata daga arewa zuwa kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ayarin hamada kuwa ya yi ta ja da baya, musamman bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ya tarwatsa Azbin. Kamfanoni irin su John Holt da Ambrosini da UAC suka buɗe kantunan sayen fata da ƙirgi. Su ba jemammiya suke so ba, busasshiya suke so, su kai Turai su jeme da kansu. Gwamnati ta sa malaman fata suna koya wa mahauta yadda za su feɗe ba tare da huda ba, da yadda za a shanya a inuwa. Fata mai lamba ɗaya ta kama hanyar Ikko. Duk da haka sana'ar gida ba ta durƙusa ba a lokacin, domin talaka na buƙatarta kullum: guga da wasaki na rijiya, salka ta matafiyi, taiki na ɗaukar hatsi, akumari na jaki, laya ta yaro, takalmi na manomi. Akoko da sauran yadin Ingila sun shigo, shunin kanti da Jamusawa suka fara sayarwa a 1897 shi ma ya iso karofi, amma mutumin kirki bai yarda ya je Idi da rigar da ba saƙi ko tsamiya ba idan yana da hali.

Yadda ake ciniki a waɗannan rumfuna bai canza sosai ba, kuma ya isa a tsaya a kalla. Ga Buzu ya zo daga arewacin Tawa, ya durƙusa a bakin tabarma. Ba a farawa da kaya. Sai an tambayi gida, an tambayi bisashe, an tambayi ruwan bana, an aiki yaro ya kawo shayi. Can sai tsohon mai rumfar ya jawo wani ƙunshi daga cikin akwati, ya warware takardar da aka naɗe shi da ita. Baƙon ba ya buɗe turkuɗin gaba ɗaya. Gefe yake ɗagawa ya duba sirantar layukan, ya goga babban yatsa a kai ya ga ko shuni ya kama fatarsa, ya karkata shi wajen rana ya auna ƙyallin.

"Alhaji, wanga ba irin na bara na ba."

"Shi na. Gida guda anka yi su. Shuni dai yay yi tsada, shi yas sa ka ga kuɗɗin sun hau."

Baƙo ya taya da sefa, tsoho ya ce albarka, ya juya lissafin zuwa naira a ka, ba tare da ya nemi ɗan canji ba. Aka ja, aka ja, har aka zo inda kuɗin baƙo suka tsaya.

"Ɗauka, ɗana. In ka sai da maraƙi ka aiko da sauran. Haka munka saba da tsohonka."

Babu takarda, babu shaida, sai dai wani lokaci a rubuta a ɗan littafi da ajami. Mutumin zai tsallaka wata ƙasa da kayan, inda babu alƙalin Najeriya da zai iya kamo shi. Abin da ke dawo da kuɗin shi ne sanin cewa ɗansa ma wata rana nan zai durƙusa. Shi ya sa baƙon ɗan kasuwa, komai yawan jarinsa, ba ya iya kafa irin wannan rumfa cikin shekara biyu ko biyar.

Abin da Turawan mulki ba su kashe ba, roba ta zo ta kashe shi cikin ruwan sanyi. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 aka fara yanka tsohon tub na mota ana yin guga da shi. Jarka ta kori salka, buhu ya kori taiki, silifa ta kori faɗe, kwanon sha da na ci suka ture ƙwarya da akushi daga ɗakin amarya. Daga baya babur ya sauke mutane daga kan doki da jaki, ya tafi da rabin aikin masu sirdi da linzami. Ba wanda ya yi wannan da mugunta. Matar da ta sayi bokitin roba ta huta da ɗinkin ƙwarya, kuma tana da gaskiya. Amma kowane ɗaya daga waɗannan kaya abincin wani gida ne, kuma abin da ya rage wa baduku sai kayan ado da na biki, waɗanda ba a saye kullum.

Ta fuskar tufa, masaƙun zamani suka tashi: Kaduna Textiles a 1957, UNTL a 1964, sai na Kano da na Gusau. Atamfa da yadin Najeriya suka cika rumfunan Illela, mutanen Nijar na saye suna haurawa da su. Masu rumfa sun ji daɗin wannan zamani. Masaƙin gargajiya ne ya koma gefe, keken ɗinki kuma ya fara cin aikin allura. Riga aska takwas da maɗinki zai shafe watanni yana zaune a kanta, keken surfani na fitar da mai kama da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya san riga ba ya ruɗewa, domin aikin hannu yana da tudu da nauyi, bayan rigar ma yana da tsabta. Sai dai masu sanin suna raguwa, kuma mai son ya fita kunyar Sallah da kuɗi kaɗan ba ya juya bayan riga.

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun karya Buzaye da Fulani, waɗanda su ne manyan masu sayen turkuɗi da kayan fata. Wanda dabbobinsa suka ƙare ba ya sayen rawani. Wasu ma nasu suka kawo suna sayarwa: takubba, jakunkunan raƙumi masu tuntaye, azurfar matansu. Maƙeran Buzaye da yawa a lokacin suka gangaro garuruwan Hausa suka zauna. A cikin wannan hali ne gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin naira ta kuma rufe iyakoki a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Mutanen Nijar har yau El Buhari suke kiran yunwar wannan shekara. Daga 1986 naira ta fara zubewa, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Duk juyin da kuɗi ya yi, sai kaya su canza alƙibla, mai bin bashi da naira ko da sefa ya wayi gari ya ci riba ko ya tafka hasara ba tare da ya motsa daga tabarmarsa ba. Gidajen da suka tsira su ne masu ƙafa ɗaya a Illela ɗaya a Ƙonni.

Daga nan labarin ya yi sauri. Najeriya ta sha hana shigo da yadi don kare masaƙunta, sai yadin ya riƙa sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ya hau mota zuwa Nijar, ya juyo ta Ƙonni da Maraɗi ya shigo ta bayan gida. Da kayan Sin suka iso, masu arha da kwaikwayon kowane zane, masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007. Jikan fatoman da ke sauke masu turkuɗi ya koma dillancin bandir. A rumfarsa yau za ka iske shadda Getzner daga Ostiriya ga mai hali, galila daga Bamako, atamfar Sin ga kowa, hulunan da inji ya ɗinka, sannan can a kusurwa ko cikin akwati, 'yan kayan hannu da ake ajiyewa don wanda ya zo ya tambaya da suna.

Ba na ganin laifin ɗan kasuwa a nan, iyali yake ciyarwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da ake yawan yi cewa sana'ar hannu ta mutu saboda yaran yanzu ba sa son wahala. Yaron da ya tashi a gidan dukawa ya iya lissafi. Ya ga mahaifinsa ya kwana uku a kan jaka guda, mai rumfa ya karɓa bashi, sai an sayar a biya, mai saye kuma ya zo ya taya ta da kuɗin jakar roba. Ya ga sa'ansa da ke kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni yana komawa gida da kuɗi a aljihu kowace yamma. Idan ya ajiye basilla ya hau babur, ba lalaci ba ne. Mu masu saye muna da namu kason: mutum zai biya kuɗin shadda 'yar waje ba tare da ya ce uffan ba, amma ya tsaya yana ja-in-ja da tsohon da ya saƙa malafa.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan, kuma abin da suka yi ya isa a duba. A Manila ta ƙasar Filifin akwai kantin Tesoro's, na iyali guda, wanda aka buɗe a 1945 yana sayar da kayan hannu da rigar gargajiyarsu, barong, wadda mafi daraja a cikinta da zaren ganyen abarba ake saƙa ta. Kantin ya kai yau ba don wayon iyalin kaɗai ba. A ƙasar, barong ita ce rigar aure da ta fada da ta manyan taruka, kuma a 2004 an yi dokar da ta wajabta amfani da yadin da aka yi da zaren gida wajen ɗinka kayan aikin ma'aikatan gwamnati. Kusa da mu, Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikata sanya saƙin ƙasarsu, faso dan fani, kuma har yau matan da ke saƙa shi suna cin abinci da shi. Mu a nan ba mu rasa son kayan gargajiya ba, babbar riga da hula ba su taɓa barin jikinmu ba. Yankan ne namu, yadin na wasu. Da fadar Sarkin Musulmi da hakimai da gwamnatin jiha za su tsaya a kan cewa rigar naɗi da kyautar da ake ba manyan baƙi su zama saƙin gida da jimar gida, da an ga bambanci a gidajen masu sana'a kafin shekara ta zagayo. Illela ba garin 'yan yawon buɗe ido ba ne, kuma ba za ta zama ba. Masu sayenta mu ne da maƙwabtanmu.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada har gidajen cinikin kansu. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyaka, sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu, Illela na cikinsu tare da Seme da Maigatari da Mfum. Ba a gama farfaɗowa ba aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Ranar 26 ga Yuli na shekarar sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka datse hanya har zuwa Maris na 2024. Motoci suka yi layi a bakin iyaka, albasa ta ruɓe, 'yan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya suka koma bin hanyar gona don zuwa jana'iza. Ga kuma 'yan bindiga da suka sa fatake da yawa tsoron hanyoyin ƙauye. Wanda ya ba da kaya bashi a Abalak sai ya zauna jira, wanda ya yi masa aikin kuma ya fi shi jin jiki, domin shi ba shi da shadda a gefe da zai sayar ya rage zafi.

Abin da ya rage na aikin hannu a yau ya tattaru ne inda inji bai iya shiga ba. Kayan doki na hawan Sallah da na naɗin sarauta, a nan da Ƙonni da Tawa, har yanzu sai an ba da aiki tun da sauran watanni. Gafakar mai saukar Alƙur'ani, kuben wuƙa da na takobi, layun 'yan kokawa da 'yan dambe, malafar makiyayi, tumtum na ɗakin amarya, da turkuɗin da Buzu ba ya aure ba tare da shi ba. Samarin gidajen cinikin sun shigo da waya cikin lamarin: a ɗauki hoton jaka a tura ta WhatsApp zuwa Agadas ko Abuja, a daidaita, a ba direba saƙo. Wannan ya faɗaɗa kasuwa, kuma ya ba wasu dukawa damar yin magana da mai saye kai tsaye ba tare da sun bi ta rumfa ba.

Sai dai ko an samu mai saye, sai an samu fata. Ƙirgin shanu yawancinsa ganda ake yi da shi, a babbake a kai Kudu a ci. Fatar akuya da ta tumaki kuwa, lokacinta na gaske shi ne Babbar Sallah. Tun ranar layya dillalai ke bi gida-gida, a tara, a zuba gishiri, a loda a mota zuwa Kano, inda kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa ke sarrafa ta su tura Italiya da Sifaniya, a yi takalma da jakunkuna masu sunan wasu. Kamfani na biya da kuɗi hannu, kuma shi ke fara zaɓe. Wadda wuƙa ta huda, ko wadda ta kwana ba gishiri, ita ake bar wa majemin gari, da ita kuma baduku zai yi aikin shekara.